Kuɗin ƙungiyar ci gaban gari: a ina ya kamata a fara zuba su?

Malamin_Gona: Assalamu alaikum jama'a. Kusan kowane ƙaramin gari a Arewa yana da ƙungiyar ci gaba. 'Yan asalin garin da ke zaune Kano, Kaduna, Abuja da Legas suna karo-karo, bayan Sallah a haɗu a yi taro. In kuɗi sun taru, abin da aka fi yi shi ne ƙofar gari, zauren taro, katangar maƙabarta, ko motar ɗaukar marasa lafiya. Duk ayyukan alheri ne, ban raina ko ɗaya ba. Amma da an gama sussuka samari sun watse ci-rani, kasuwar mako tana tashi kafin La'asar, shaguna rabi a kulle. Ra'ayina shi ne, abin da ke kashe ƙaramin gari bai wuce wannan ba: amfanin gonarsa yana fita ɗanye da kaka a farashi mafi arha, ya dawo masa a sarrafe da bazara a farashi mafi tsada. Gyaɗa ta fita, mai ya dawo a jarka. Shanshera ta fita, shinkafa ta dawo a buhu mai tambari. Saboda haka na ce kuɗin farko a sa su a sito da injin sarrafawa. Masana a gyara mini in na kuskure.

Na_Reluwe: Wa alaikumus salam Malam. Kafin magani a san ciwon. Garuruwa da yawa da muke kuka a kansu jirgin ƙasa ne ya raya su. Dogo ya iso Kano a 1911, ya kai Ƙauran Namoda a 1929, ya kai Nguru a 1930. Wurare irin su Malam Madori tasha ce ta tara musu jama'a: masu awon gyaɗa, 'yan dako, masu ɗinkin buhu, masu abinci. Sai farin 1973 ya zo, cutar da ta naƙasa gyaɗa a 1975 ta biyo baya, aka rushe hukumomin sayen amfanin gona a 1986, jirgin kuma ya yi ta raguwa har ya kusa ɗaukewa. Abin da ya kafa garin ya tafi, ba a sami madadinsa ba. To ƙungiya ta fara tambayar kanta: me zai sa baƙo ya tako garin nan yau da kuɗi a aljihu? In babu amsa, inji ba zai ƙirƙiro ta ba.

Bagobiri_83: Ku yi haƙuri, a wasu wuraren wannan duk magana ce ta gaba. Wanda bai iya zuwa gonarsa ba me zai kai sito? A Satumbar 2021 an rufe kasuwannin mako-mako a Zamfara, aka katse layin waya, Katsina ma ta ɗauki matakai irin waɗannan. Akwai garuruwan da kasuwarsu ba ta koma yadda take ba har yau. Kuma sito cike da hatsi a garin da babu tsaro kiran ɓarna ne.

Malamin_Gona: Gaskiyarka Bagobiri, Allah Ya kawo mana ƙarshen abin. Maganata a kan garuruwan da ake kwana da ido biyu rufe ce, amma duk da haka suke tsiyayewa. Suna da yawa a Jigawa, Kano, Bauchi, Gombe da Yobe.

Akanta_Mai_Biro: Ni dai inji nake so mu yi wa lissafi, don nan ne ƙungiyoyi suka fi ƙonewa. Ɗauki injin matsar man gyaɗa mai cin tan 1 a yini. In zai yi aiki kwana 200 a shekara, yana buƙatar tan 200 na gyaɗar tsaba, wato buhu 2,000 mai kilo 100. Kuɗin wannan gyaɗar ya ninka kuɗin injin sau da yawa. Abin da ake yi shi ne a kwashe duk abin da ke asusu a sayi inji, a gina masa ɗaki, a kira manya a buɗe, sannan a waiwaya a ga babu kuɗin gyaɗa, babu na man gas, babu na albashin mai tuƙa shi. Wata uku ya tsaya. Ƙa'idar da na fi yarda da ita: inji da gini kada su wuce kashi 1 cikin 3 na abin da ke hannu. Kashi 1 jarin juyawa ne. Ragowar a ajiye don gyara da watannin farko da ba a cin riba.

Daga kilo 100 na tsaba mai kyau, injin dunƙule mai matsa da ƙarfi yana ba da lita 35 zuwa 40 na mai, da tunkuza kilo 55 zuwa 60. Mutane suna mantawa da tunkuzar, alhali sau da yawa ita ce ribar, man kuwa yana mayar da kuɗin gyaɗa ne kawai. In ba ka da mai sayen tunkuza a hannu, masu haɗa abincin kaji ko masu kiwo, kada ka fara.

Hajiya_Mai_Ƙuli: Malam Akanta, lissafinka ya yi, amma akwai waɗanda ba ka sa a ciki ba. A ƙaramin gari man gyaɗa sana'ar matan cikin gida ce. Mace ta sayi tiya biyar ko goma, ta soya, ta murje, ta kai markaɗe, ta tuƙa ta fitar da mai, ta soya ƙuli, yarinya ta kai kasuwa. Da wannan ake sayen sabulu da littafin makaranta da kayan ɗakin 'ya. In ƙungiya ta kafa babban inji tana sayar da mai da arha, gida ɗari ta kashe wa sana'a don ta ɗauki samari biyar aiki. Sannan tunkuzar babban inji ta bushe ƙarau, ba ta yin ƙuli mai daɗi, ta dabbobi ce.

Abin da matan ke buƙata ƙananan inji ne guda uku a wuri ɗaya: na suya mai ganga da ake juyawa, na markaɗe, da na tuƙa ƙullun. Kowace ta kawo gyaɗarta a yi mata ta biya, ta tafi da manta da tunkuzarta. Aikin da ke cin yini guda sai ya koma awa biyu, wadda ke yin tiya biyar ta koma yin ashirin. Ƙungiya kuma ba ta buƙatar jarin sayen gyaɗa ko kaɗan.

Akanta_Mai_Biro: Hajiya na karɓi gyara. Wannan tsarin na a kawo a yi a biya ya kawar da matsalar jarin da na ambata gaba ɗaya. Sai dai a ƙayyade kuɗin aiki a kan awo, ba a kan ido ba, kuma a ajiye littafi.

Ɗan_Maraɗi: Salamu alaikum 'yan'uwa na Najeriya. Maganar sito da Malamin Gona ya kawo, mu nan Nijar an daɗe ana yin ta, ana ce mata warantaj. Ga yadda take. Da kaka kowane manomi ya kawo buhunansa na hatsi, wake ko gujiya a magazan, wato siton ƙungiya, a auna, a rubuta sunansa a jikin buhu da cikin littafi. A kulle ƙofa da kwaɗo biyu, mabuɗi ɗaya wurin ƙungiya, ɗaya wurin asusun da zai ba da bashi. Asusun ya ba kowa bashin kamar kashi 70 zuwa 80 cikin ɗari na darajar kayansa a farashin ranar. Da kuɗin ya yi turkar rago ko noman rani ko ƙaramin kasuwanci. Wata biyar ko shida, wajen Afrilu ko Mayu, ya biya bashi da kuɗin ajiya, a buɗe ƙofa a gaban kowa, ya ɗauki kayansa lokacin da farashi ya hau.

Inda take lalacewa wuri uku ne. Na ɗaya, bashin ya makara: in kuɗi ba su fito ba sai Disamba, talaka ya riga ya sayar. Na biyu, a karɓi kaya masu danshi. Na uku, shugabanni su buɗe ƙofa su kaɗai. Kwaɗo biyun nan shi ne ran abin.

MaiAwo_Dawanau: Akwai na huɗu, ɗan'uwa: farashi ba dole ya hau ba. A 2024 gwamnatin tarayya ta ɗage harajin shigo da masara, alkama, wake da shinkafar da ba a gama cashewa ba na kwana 150, kuma a 2025 farashin hatsi ya faɗo, masu ajiya da yawa suka sayar ƙasa da yadda suka saya. Duk wanda ya gaya wa ƙungiya cewa ajiya riba ce tabbas ya cuce ta. Shawarata: kada ƙungiya ta sayi hatsi da kuɗinta don jiran tsada. Ta gina sito ta karɓi kuɗin ajiya a kan kowane buhu kowane wata, hawa da saukar farashi na mai kaya ne. Kuma kada a cika sito da abu ɗaya. Wake, riɗi, zoɓo da gero ba sa faɗuwa tare.

Malamin_Gona: Tunda an zo kan danshi, bari in ba da awon. Masara da dawa kada su shiga buhu sai danshinsu ya sauka zuwa kashi 13 cikin ɗari. Gyaɗar tsaba kashi 7 zuwa 8. Shanshera kashi 14. Na'urar awon danshi ta hannu ba ta kai kuɗin buhu biyu na wake ba, kowane sito ya mallaki ɗaya. In babu, a zuba hatsi da busasshen gishiri a kwalba mai murfi a girgiza a bar shi ɗan lokaci. In gishirin ya manne a jikin kwalba, a mayar shanya.

Buhu ya hau katako, kada ya taɓa siminti. A bar ratar da mutum zai wuce tsakanin buhuna da bango. Tagogi a sama, da raga. Wake kuwa a sa shi a buhun PICS mai leda biyu a ciki da buhun saƙa a waje. A matse iska, a ɗaure kowace leda daban, kada a haɗa su ɗauri ɗaya. Ƙwaron yana mutuwa ne don iska ta ƙare masa, saboda haka huda ɗaya ta ɓera ko ta tsinke ta ɓata aikin. Wannan ya fi zuba fiya-fiya nesa ba kusa ba. Irin wannan maganin ne ya sa Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Najeriya a 2015, ban da cutar da yake yi wa masu ci a gida.

Gyaɗa kuma babban abokin gabarta hunhuna ce mai haifar da gubar afalatoksin. A tsince ruɓaɓɓu da masu baƙi kafin markaɗe, domin gubar tana bin tunkuza ne, wato ƙulin da yara ke ci.

Ɗalibin_Fiƙihu: Allah Ya saka da alheri. Ina da tsokaci kan bashin da ɗan'uwanmu na Maraɗi ya kawo. Jingina halal ce, Alƙur'ani ya ambace ta a ƙarshen Suratul Baƙara. Matsalar ita ce ƙarin da ake ɗorawa a kan bashin. In aka gina tsarin a kan ruwa, liman zai yi huɗuba a kansa, kuma rabin gari za su janye. Mafita akwai. Kuɗin ajiya a sito halal ne, haya ce, muddin ba a ɗaura shi da yawan bashin ba. Bashin kansa ya zama ƙardan hasanan, wato bashin da ba ƙari a kansa, daga asusun ƙungiya. Ko kuma a yi murabaha: maimakon a ba mutum kuɗi, ƙungiya ta sayi ragon ko takin ko injin ban-ruwan ta mallake shi, sannan ta sayar masa da ribar da aka sani, ya biya a lokacin da aka yanka. Sharaɗin shi ne ƙungiya ta mallaki kayan da gaske kafin ta sayar. A zauna da malaman garin tun ranar farko a rubuta.

Ginin siton kuwa, in wani mai hali zai ba da fili, a roƙe shi ya mayar da shi waƙafi a rubuce da shaidu. Waƙafi ba a sayarwa, ba a gado. Wannan yana toshe rigimar magada bayan rasuwarsa.

Uwar_Asusu: Malam ka taɓo inda nake jira. Ba sai an jira banki ba. Tsarin Mata Masu Dubara da ƙungiyar CARE ta fara a jihar Maraɗi a 1991 yanzu ya zagaye ƙasashe da dama, kuma daga adashinmu aka samo shi. Mata 15 zuwa 25 da suka san juna. Akwatin ƙarfe mai kwaɗo uku, mabuɗai wurin mata uku daban, akwatin wurin ta huɗu. Duk mako a zauna, kowace ta zuba kaso 1 zuwa 5 gwargwadon ƙarfinta, a buga mata hatimi a ɗan littafinta. Ba a buɗe akwati sai a gaban kowa, kuma a ƙirga da ƙarfi. Bashi ba ya wuce ninki uku na abin da mace ta tara, a biya cikin wata uku. Akwai ɗan asusu na daban don rashin lafiya, haihuwa ko gobara. Bayan wata 9 zuwa 12 a fasa a raba, a sake sabon zagaye.

Kuskuren da masu son taimako ke yi shi ne su zuba wa rukunin kuɗi daga waje a shekarar farko. Da zarar kuɗin ba guminsu ba ne, biya yana yin sanyi. Ƙungiyar ci gaba ta sayi akwati da littattafai, ta biya mai horarwa na wata uku, ta tsaya nan.

Sarkin_Tasha_Jr: Duk wannan ana yi, hanya fa? Gari mai nisan kilomita 15 daga kwalta, da damina mota ba ta shiga, wa zai zo sayen man?

Injiniya_Sola: Ƙungiya ba za ta iya kwalta ba, amma sau da yawa ba dukan hanyar ce ta lalace ba, wuri biyu ko uku ne ruwa ke yankewa. Kwalbati a waɗannan wuraren, da tsakuwa da jan ƙasa, da gayyar share magudanar gefe kafin ruwan farko, yana buɗe hanya shekara guda cur. A fara da auna inda motoci ke maƙalewa.

Game da wuta don injinan da Hajiya ta lissafa: tun cire tallafin mai a Mayun 2023 lissafin injin niƙa mai fetur ya rikice, gas kuma dama can ya yi tsada. Moto mai ƙarfin doki 10 yana cin kimanin kilowat 7.5. A ba shi faifan sola na kilowat 10 zuwa 12. Abin da ke kashe inbata, wato na'urar da ke mayar da wutar sola irin wadda inji ke ci, shi ne tashin moto, domin a sakan na farko yana jan wuta ninki 5 zuwa 7 na abin da yake ci in yana gudu. Maganinsa na'urar da ke tayar da moto a hankali tana daidaita gudunsa. Da ita za a iya haɗa faifai kai tsaye da moto ba tare da batir ba, a yi aiki daga ƙarfe 9 na safe zuwa 4 na yamma. Batir shi ne mafi tsada kuma shi ke fara mutuwa, in an kauce masa an rage kusan rabin ciwon kai. Da hunturu a wanke faifai aƙalla sau biyu a mako, da sassafe kafin su yi zafi. A sa sandar kariya daga tsawa, a binne waya ta ƙasa da kyau.

In ana son a ba shaguna wuta a sayar musu, ƙa'idar NERC, hukumar kula da harkar wutar lantarki ta ƙasa, ta ce ƙaramar tashar da ba ta wuce kilowat 100 ba rajista ta ishe ta. A sa mita mai biya kafin sha. Wutar da ake cewa a biya ƙarshen wata ba ta shekara.

Hajiya_Mai_Ƙuli: Injiniya, ƙarfe 9 zuwa 4 ya yi wa mata daidai. Amma ranar kasuwa da jajibirin Sallah layi yana kaiwa dare. A bar tsohon injin gas ɗaya a gefe.

Mai_Nazari_Zariya: Bari in kawo misali daga waje, don tambayar Na_Reluwe ta abin da zai kawo baƙo ta tsaya mini a rai. A Japan, gwamnan lardin Oita, Morihiko Hiramatsu, ya fito da shirin ƙauye ɗaya kaya ɗaya a 1979. Kowane gari ya zaɓi abu guda da ya fi kowa iyawa, ya gyara shi har sunan garin ya zama tambarinsa. Ya ɗauko tunanin ne daga garin Oyama, wanda tun 1961 manomansa suka rage dogaro da shinkafa suka koma itatuwan marmari da suka dace da tsaunukansu. Tailan ta kwaikwaya a 2001. A Koriya ta Kudu kuwa, a farkon shirin Saemaul na 1970, gwamnati ta ba kowane ƙauye buhun siminti 335 ta ce su yi abin da suka ga dama na amfanin kowa. Shekara ta gaba, ƙauyukan da suka yi aiki, kimanin rabi, su kaɗai aka ƙara wa buhu 500 da tan 1 na rodi.

Mu ma muna da irin wannan ba tare da an sa masa suna ba. Albasar Galmi, shinkafar Kura, karar Maigatari ta ranar Alhamis, ta Wudil ta ranar Juma'a. Kowa ya san abin da zai kai shi can.

Bagobiri_83: Kama da wane ba ta wane, Malam. Koriya gwamnati ce ta tsaya a kai da ƙarfinta, ta kai wuta, ta sayi shinkafar manoma da daraja. Kura kuma ba ƙungiya ce ta raya ta ba, ruwan madatsar Tiga ne.

Mai_Nazari_Zariya: Haka ne, ban musa ba. Abin da na ɗauka a ciki guda ɗaya ne: ƙungiya ta raba ƙaramin abu ga unguwanni ko rukunoni da yawa, ta jira shekara, ta ƙara wa wanda ya nuna aiki. Ya fi a zuba komai a aiki ɗaya babba da ba a gwada ba. Kura kuwa ruwa ya kawo shanshera, amma masu turarawa da masu injin casa da suka cika garin mutanen gari ne da jarinsu.

Malamin_Gona: Tunda an ambaci shinkafa: abin da ke raba farashin ta gida da ta kamfani tsakuwa ne da karyewa da wari. A wanke shanshera a kwashe ta saman ruwa. A jiƙa a ruwan zafi da bai tafasa ba ta kwana. A turara a tukunya mai raga a ƙasa yadda ruwa ba zai taɓa ta ba, minti 20 zuwa 30, har ɓawon ya fara tsagewa. A shanya a kan tamfol ko daɓen siminti, ba gefen kwalta ba, a ƙarasa busarwa a inuwa don kada ta karye. Kilo 100 ya ba da kilo 60 zuwa 65. Garin da ke da masu casa, abin da ya fi buƙata daga ƙungiya shi ne daɓen shanya da injin cire tsakuwa, ba sabon injin casa ba.

Likitan_Dabbobi: A haɗa da turka, don tunkuza da dusa da ɓuntu da harawa duk suna nan a garin. Rago wata uku kafin Babbar Sallah. A saya mai shekara ɗaya da rabi zuwa biyu, mai ƙashi, ba mai ƙiba ba. Makon farko a ba shi maganin tsutsa, a yi masa rigakafin annobar awaki da tumaki, a ware shi daga na gida kwana 14. A shigar da dusa da tunkuza a hankali cikin kwana goma. Wanda ya cika wa rago hatsi ranar farko, kumburin ciki zai kashe shi. Harawa a saye ta da kaka a ɗora a rufi, da bazara kuɗinta na iya cinye ribar. In rukuni ya haɗa raguna 100 zuwa sama, dillali ne zai zo da mota, ba su za su bi shi ba.

Ɗan_Maraɗi: Likita, abincin dabbobi ya tuna mini da sassaben zamani. Tun wajen 1984 manoman Maraɗi suka fara barin kututturan da ke tohowa a gona maimakon ƙone su. A kowane kututture a zaɓi rassa 3 zuwa 5 masu ƙarfi, a sare sauran, a riƙa aske na ƙasa duk shekara. Gawo, ƙalgo, sabara, aduwa, magarya. An ƙiyasta fili ya kai hekta miliyan 5 a Maraɗi da Damagaram. Gawo yana zubar da ganye da damina, ba ya tare wa gero rana, 'ya'yansa kuma abincin dabbobi ne da rani. Bai buƙatar kuɗi, yana buƙatar doka ce ta gari: kwamitin da ke da manoma, mata da Fulani makiyaya, da tarar da kowa ya amince da ita ga mai sara a gonar wani.

Akanta_Mai_Biro: Mu dawo kan kuɗin ƙungiya, don duk abin da aka lissafa riƙo ne ke kashe shi. Na farko, a yi rajistar ƙungiyar gama-kai a ofishin jiha, mutum 10 sun isa a fara, a ware ta daga uwar ƙungiyar ci gaba, don kuɗin sana'a kada su gauraya da na ta'aziyya da taron Sallah. Na biyu, asusun banki da sa hannun mutum uku, biyu dole, kuma ɗaya daga cikinsu mazaunin garin ne, ba duka 'yan birni ba. Na uku, kwamiti kada ya tuƙa inji da kansa. A ba mutum ɗaya haya da yarjejeniya a rubuce, ya biya duk wata, ƙananan gyara nasa, manya na ƙungiya. Abin da kowa ke da shi babu mai tashi da dare dominsa. Na huɗu, kashi 10 zuwa 15 na kuɗin shiga ya tafi asusun canza kayan da suka tsufa, kada a taɓa. Na biyar, duk wata a liƙa lissafi a ƙofar fada, a tura hotonsa a WhatsApp. Fili kuma a karɓi takardarsa daga ƙaramar hukuma ko da dagaci ne ya bayar da baki.

Sai siyasa. Ɗan takara ya ba da gudummawa a karɓa a rubuta a gode, amma kada a sa hotonsa a bango. Ranar da ɗaya ɓangaren ya ci, aikin ya zama maraya.

Malama_Firamare: Akwai ƙofar da kuɗi ke fita da ba wanda ya ambata. Malaman makaranta, ma'aikatan asibiti, malamin gona, duk albashinsu da sunan garin ake biya, amma yawancinsu ba sa kwana a ciki. Su zo da safe a babur su koma hedikwata, can suke haya, can suke cefane. Ɗakuna shida masu banɗaki da ruwa da sola, a ba su haya mai sauƙi, zai zaunar da albashi shida a garin, kuma mai naƙuda za ta sami ungozoma da dare. Iyali da yawa rashin wannan ne ke sa su ƙaura, ba rashin inji ba. Haka wurin cirar kuɗi. In babu mai POS da ke da isassun kuɗi ranar kasuwa, fatake gaba za su wuce.

MaiAwo_Dawanau: Malama ta faɗi gaskiya kan fatake. Abin da baƙo mai saye ke dubawa a kasuwar ƙauye: mudu ɗaya ne ko kowa da nasa, akwai sikeli, akwai inda mota za ta juya ta yi lodi, haraji nawa ne kuma hannu nawa ke karɓa, in an cuce shi wa zai kai wa ƙara. Riɗi da zoɓo masu fitarwa waje suna rage kuɗi saboda ƙasa da tsakuwa. Garin da aka san kayansa a tankaɗe suke, ba algus, suna yake yi cikin kaka biyu. Wannan aikin sarkin kasuwa ne da dillalai, kuɗinsa kaɗan ne. Kasuwa da tasha da kwata a tsarin mulki hurumin ƙaramar hukuma ne, saboda haka a je da takarda a nemi a haɗe harajin ya zama rasit ɗaya.

Na_Reluwe: Kuma garuruwan da ke kan sabon dogon Kano zuwa Maraɗi, ta Kazaure, Daura, Katsina da Jibiya, su fara tunani tun yanzu. Tasha ba ta tsayar da kaya sai inda aka tara su. Garin da ke da sito da sikeli kusa da ita shi zai ci moriya.

Malamin_Gona: Na ga an rage mini ƙarfin maganar inji, kuma na yarda da rabi. Har yanzu ina kan sito. Amma Malam Akanta, a ce ƙungiya tana da abin da zai isa abu ɗaya kacal bana, sito mai cin buhu 500 ko ɗakunan da Malama ta ce?

Akanta_Mai_Biro: Ya danganta da abin da garin ke nomawa da nisansa da hedikwata. Kafin a yanke, a sa samari biyu su zauna bakin tasha ranar kasuwa huɗu a jere da kaka, su rubuta buhu nawa ya fita, na mene ne, ina aka nufa da shi. In bai kai buhu 500 a wata ba, siton zai zauna rabi fanko.

Hajiya_Mai_Ƙuli: A sa mace ɗaya cikin masu ƙirgar. Abin da ke fita ta hannun yara a faranti da bokiti ba ya bi ta tasha.